Yawon Ɗaukar Hoto a Unguwannin Dutsin-Ma: Haske, Ladabi da Adana Tarihi

Yawon ɗaukar hoto, wato mutum ya ratsa unguwa da ƙafa riƙe da kyamara ko wayar hannu yana ɗaukar gine-gine da sana'o'i da kai-komon jama'a, aiki ne da aka fi danganta shi da manyan birane masu ganuwa da ƙofofi irin su Kano da Katsina da Zariya, inda baƙi ke zuwa domin su ga Dutsen Dala ko hasumiyar Gobarau ko marinar Ƙofar Mata. Sai dai matsakaitan garuruwa, waɗanda ba a saka su cikin jerin wuraren yawon buɗe ido, su ne suka fi bukatar wannan aiki, domin kamanninsu na sauyawa da sauri alhali ba kasafai ake samun wanda ya ɗora wa kansa nauyin adana yadda suke kafin sauyin ba. Garin Dutsin-Ma da ke tsakiyar Jihar Katsina yana cikin irin waɗannan garuruwa, kuma duk wanda ya san shi shekaru ashirin da suka wuce zai shaida cewa wasu sassansa sun zama kamar wani gari dabam. Saboda haka mai zagaya unguwanninsa da kyamara yana yin aikin marubucin tarihi ne, ko ya sani ko bai sani ba, matuƙar ya kiyaye abubuwa uku: sanin haske, da kiyaye ladabi, da rubuta bayanin abin da ya ɗauka.

Garin da dutsensa

Dutsin-Ma yana kimanin kilomita 60 kudu da birnin Katsina, kuma hanyar da ta haɗa su ta biyo ta Kurfi. Garin ya samo sunansa daga dutsen da ke cikinsa, wanda ruwayar baka ke cewa wani maharbi mai suna Ma ne ya zauna a wurin tun kafin gari ya kafu. Irin wannan dutse, da ke tashi shi kaɗai a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ragowar tsohon dutse ne mai tauri wanda ruwa da iska suka cinye abin da ke kewaye da shi cikin dogon zamani suka bar shi tsaye, kuma masana tarihi sun nuna cewa irinsa ya jawo mazauna a wurare da yawa a ƙasar Hausa, kamar Dala a Kano da Kufena a Zazzau da Kwatarkwashi a Zamfara, saboda tsaro da ruwan da ke taruwa a gindinsa da farautar da ke kewayensa.

Ta fuskar sarauta, Dutsin-Ma mazaunin Yandakan Katsina ne, ɗaya daga cikin manyan hakimai masu zaɓen Sarkin Katsina, kuma sarautar tana hannun zuriyar Malam Muhammadu Na Alhaji, ɗaya daga cikin malaman da suka jagoranci jihadi a ƙasar Katsina a farkon ƙarni na 19. Wannan suna ne kuma Ƙofar Yandaka ta birnin Katsina ke ɗauke da shi, wadda ta nan Baturen mulkin mallaka Lugga ya shiga birnin a 1903. Garin ya zama hedikwatar ƙaramar hukuma a 1976, kuma ƙidayar 2006 ta nuna cewa mutanen ƙaramar hukumar sun kusa 170,000. Akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, wadda aka sa wa sunan Wazirin Katsina da ya riƙe ma'aikatar ilimi a gwamnatin Jihar Arewa, sannan a 2011 gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Zuwan jami'ar ne ya fi komai sauya fuskar garin, domin ya kawo dubban ɗalibai da ma'aikata daga sassa dabam-dabam na Nijeriya, gonakin bakin gari suka koma fulotai, gidajen haya na bulo da kwano suka tashi, shagunan fotokwafi da na cajin waya da gidajen abinci suka jeru a bakin titi. Mai ɗaukar hoto da ya fahimci wannan zai gane cewa garin na da fuska biyu a lokaci guda, tsohuwa da sabuwa, kuma hoton da ya fi amfani shi ne wanda ya nuna inda suka haɗu, kamar katangar ƙasa da ta jingina da bene mai fenti, ko jaki ɗauke da mangala yana wucewa ta gaban shagon sayar da kwamfuta.

Abin da ido zai nema a tsohuwar unguwa

Dalilin da ya sa ake fifita ƙafa a kan mota ko babur shi ne, abubuwan da suka cancanci hoto a tsohuwar unguwar Hausa suna cikin lungu ne, kuma ba sa bayyana sai ga wanda ya tsaya ya duba. Na farko shi ne ginin kansa. Tubali, wato curin ƙasa da ake kwaɓawa da ciyawa a mulmula shi da hannu a shanya a rana, shi ne asalin katangar gargajiya, kuma a inda yaɓe ya zube akan ga jerinsa sahu-sahu, kowane da tsininsa a sama, har da sawun yatsun wanda ya mulmula shi. A kan katangar ake ɗora azara, wato tsagin itacen giginya wanda gara ba ta cika cinsa ba, a jera ta a rufe da ƙasa, sannan a fitar da indararo domin ya zubar da ruwan sama nesa da gindin bango. A kusurwoyin soro ake tayar da zanko, ɗan tsinin nan da ke ba ginin Hausa kamanninsa tun daga nesa, kuma a gidajen masu hali akan shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin ta ƙara masa ƙarfin jure ruwa. Wanda aka ba shi izinin shiga babban zaure, idan ya ɗaga kai, yana iya ganin bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙin ƙasa da azara da ke ɗauke da rufin ba tare da an kafa komai a tsakiyar ɗaki ba, wanda shi ne ƙololuwar gwanintar maginan Hausa tun zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin tsohon masallacin Juma'a na Zariya.

Ƙofar gida ita kaɗai ta isa darasi. Akwai dakali, inda mai gida ke shimfiɗa tabarma da yamma, wanda gefensa ya yi santsi saboda yawan zama; akwai ƙyaure, ko na katako ko na gwangwani da aka buɗe aka daddale da ƙusoshi; akwai zayyanar da aka yi a saman ƙofa, wani lokaci dagi, wato ƙullin nan da ya zama tambarin Arewa, wani lokaci kuma shekarar da aka yi ginin ko sunan mai shi; akwai lambobin da ma'aikatan ƙidaya da na rigakafi suka rubuta da alli, ɗaya bisa ɗaya; akwai kuma ragowar fastar 'yan takarar da zaɓensu ya wuce. Hoto guda na irin wannan ƙofa, idan aka ɗauke shi daidai, yana ɗauke da labarin sana'ar gini da na lafiya da na siyasa gaba ɗaya. Haka nan kududdufi, wato ramin da ruwa ke kwanciya a bayan unguwa, bai kamata a raina shi ba, domin daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen da ke kewaye da shi, kuma a yau irinsa ake cikewa da shara a yanka fili, abin da ke sa ruwan damina ya rasa mazauni ya shiga gidaje.

Bayan gini sai itatuwa da sana'o'i. Kuka da tsamiya da bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, su ne ke nuna inda mutane ke taruwa, domin a ƙarƙashinsu ake samun majalisar dattawa da teburin mai shayi da wanzami da mai gyaran babur. Gawo kuwa yana da ɗabi'ar da ta sa shi dabam, domin yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, don haka hotonsa kaɗai kan nuna lokacin da aka ɗauke shi.

Lokaci da haske

Hoto haske ne, kuma ƙasar Katsina tana da hasken da ke bukatar a san lokutansa. Da tsakar rana, rana kan tsaya kusan a kan kai, inuwa ta taƙaita ta koma ƙarƙashin ƙafa, bango ya yi fari fat, fuskar mutum kuma ta yi duhu a ƙarƙashin hula ko rawani, saboda haka tsakanin walaha da azahar shi ne mafi munin lokaci ga mai hoto. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa gab da magariba, sa'ad da haske ke zuwa daga gefe ya kwanta a jikin bango, ya fito da kowane tudu da kwari na zayyana da yaɓe. Ƙa'idar a nan mai sauƙi ce: bangon da ke fuskantar gabas a ɗauke shi da safe, wanda ke fuskantar yamma a bari sai la'asar, kuma mai hoto ya tsaya yadda rana za ta kasance a gefen kafaɗarsa maimakon a gaban idonsa.

Kowane yanayi na shekara da irin nasa hoton. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo kan tausasa haske ya rage kaifin inuwa, abin da ke yi wa hoton fuska kyau, amma yakan ɓoye abin da ke nesa har dutsen kansa ya zama kamar zane, kuma ƙurarsa na lalata gilashin kyamara idan ba a rufe shi ana gogewa da ƙyalle mai laushi ba. Da bazara zafi kan hana doguwar tafiya, sai dai a lokacin ne ake ganin magina suna yaɓe da gyaran rufi kafin saukar ruwa, wanda aiki ne da ke raguwa kowace shekara. Da damina, musamman da safe bayan an kwana ana ruwa, sama kan washe, jar ƙasa ta ƙara ja, gonakin gero da dawa su kewaye gari da kore. Da kaka kuma sai dammunan hatsi da amalanken shanu da rumbunan da ake cikawa.

Ranar Laraba ce ranar babbar kasuwar Dutsin-Ma, kuma ita ce ranar da ƙauyukan kewaye ke shigowa gari. Mai hoton da ya iso da wuri, kafin kasuwa ta cika, zai samu masu kaya suna saukewa suna shimfiɗawa, haske na da taushi, mutane kuma ba su shiga hayaniyar ciniki ba balle su ga ya tare musu hanya. A kara, wato sashen dabbobi, akwai dillalai da ke riƙe hannun mai saye da mai sayarwa har a yi sallama. A wajen 'yan gwari akwai tumatir da albasa da tattasai na noman rani. Akwai maƙera da lauje da fartanya, da dukawa, da masu ƙwarya da faifai da tukwane. A irin wannan wuri kuskuren sabon mai hoto shi ne ya so ya haɗa kasuwa duka cikin hoto ɗaya, sai ya tashi da cunkoson da ba a gane komai a ciki. Abin da ya fi shi ne ya zaɓi abu guda, kamar hannun mai awo a kan tiya, ya matsa kusa da ƙafarsa maimakon ya jawo hoton da yatsa a fuskar waya, domin jawowar na rage ingancin hoto, sannan ya kauce wa sanya abin da yake nufi a tsakiya daidai, ya ɗan karkatar da shi gefe ya bar fili da zai nuna inda ake.

Ladabi, izini da tsaro

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi muhimmanci, kuma shi ne ya bambanta unguwar Hausa da titunan biranen Turai inda wannan ɗabi'a ta samo asali. Gidan Bahaushe an tsara shi ne domin sutura: zaure iyaka ce tsakanin waje da ciki, namiji baƙo ba ya wuce shi sai da izini, kuma Alƙur'ani a cikin Suratun Nur ya hana shiga gidan wani ba tare da neman izini da sallama ba. Hukuncin ƙafa shi ne hukuncin kyamara, don haka leƙa ta ta kan katanga, ko ɗaukar cikin gidaje daga kan dutse ko bene, keta haddi ne ko da hoton ya yi kyau. Mata ba a ɗaukar su sai da yardarsu, kuma mace mai hoto ta fi samun damar ɗaukar sana'o'in cikin gida kamar daka da saƙa da ƙuli-ƙuli da kitso. Akwai kuma mutanen da ba sa son hoto gaba ɗaya saboda fahimtarsu ta addini, kuma wanda ya ce a'a, maganarsa ta ƙare zance.

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Wanda zai yi wannan yawo, ko da ɗan Dutsin-Ma ne da zai shiga unguwar da ba tasa ba, ya kamata ya fara da gaishe da mai unguwa ya faɗa masa manufarsa, a kasuwa kuma ya nemi sarkin kasuwa ko shugaban 'yan layin, sannan ya samu wani sananne a wurin ya raka shi. Tambayar da zai fi ji ita ce, "Malam, hoton na mene ne, kuma ina za a kai shi?", kuma tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya, musamman idan yana da niyyar sa hoton a Facebook ko Instagram. Yara kan ruga su ce a ɗauke su, amma son yaro ba izini ba ne, sai an tambayi iyaye ko malamin makarantar allo. Kuma ɗaukar almajiri ko mabaraci ko marar lafiya a halin da zai zubar masa da mutunci domin a tara masu kallo a intanet abu ne da bai dace da mai hankali ba. Nuna wa mutum hotonsa a fuskar kyamara nan take, da komawa a kai masa wanda aka wanke, su ne ke buɗe ƙofa ga zuwa na gaba.

Batun tsaro ma ba a tsallake shi. Yankin da ya haɗa Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Ɗanmusa ya sha fama da 'yan bindiga, har a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. A irin wannan hali baƙon fuska da ke ɗaukar hotunan gidaje da hanyoyi yana iya jawo zargin cewa infoma ne, wato mai kai wa ɓarayin daji rahoto, kuma zargi ne mai haɗarin gaske. Don haka ba a ɗaukar shingen jami'an tsaro ko ofishin 'yan sanda ko sansanin 'yan sa-kai, ba a yin yawon bayan magariba, ana riƙe katin shaida, kuma ba a fita bayan gari sai an tambayi mutanen wurin halin da hanya ke ciki a ranar.

Kurfi da bakin Zobe

Idan hali ya yi, akwai wurare biyu da ke cika hoton yankin. Kurfi, mazaunin Maraɗin Katsina, gari ne da bai samu irin cunkoson da jami'a ta kawo wa maƙwabcinsa ba, don haka kwatanta hotunan garuruwan biyu na nuna abin da babbar makaranta ke yi wa gari. A kudu kuma akwai madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, wadda aka kammala a 1983, amma aikin kai ruwanta ga jama'a ya daɗe yana jan ƙafa har sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi. A bakinta akwai masunta da kwale-kwale da koma da masu noman rani, sai dai gine-ginen madatsar kayan gwamnati ne da ba a ɗauka sai da izinin masu kula da su.

Daga hoto zuwa tarihi

Darajar irin wannan aiki ba ta cika bayyana sai bayan shekaru. Bafaranshe Eugène Atget, wanda ya rasu a 1927, ya shafe kusan shekaru talatin yana zagaya tsofaffin unguwannin Paris da ƙafa yana ɗaukar ƙofofi da shaguna da lunguna, kuma dubban hotunansa su ne a yau shaidar wurare da dama da aka rushe. A Nijeriya, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan Zbigniew Dmochowski ya fara auna gine-ginen gargajiya da ɗaukar hotunansu tun ƙarshen shekarun 1950, aikin da aka buga cikin juzu'i uku a 1990, kuma wasu gine-ginen da ya adana babu su yanzu sai a takarda. J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya a 1968 har ya tara kusan 1,000, Fati Abubakar kuma ta ɗauki rayuwar yau da kullum ta mutanen Maiduguri a lokacin da duniya ba ta jin komai game da Borno sai labarin yaƙi. Abin da ya haɗa su duka shi ne naci a kan abu guda na tsawon lokaci, da kula da sanin mene ne aka ɗauka kuma a ina.

Nan ne masu ɗaukar hoto da waya suka fi rauni. Hoton da ba a san unguwarsa da ranarsa da abin da ke cikinsa ba ado ne kawai, ba ya zama hujja ga mai bincike. Ya kamata kowane hoto ya samu layi biyu a littafi: sunan unguwa, kamar Hayin Gada ko Unguwar Kudu, da kwanan wata, da ɓangaren da aka fuskanta, da abin da dattawan wurin suka faɗa game da ginin ko sana'ar. Ya kamata a kwafe hotuna daga waya zuwa wuri biyu aƙalla, domin waya na ɓata kuma memori na lalacewa, sannan a sani cewa hoton da aka tura ta WhatsApp an rage masa inganci, don haka ba shi ne za a adana ba. Hanya mafi amfani kuma ita ce maimaitawa, wato a zaɓi wurare kaɗan, kamar wata mararraba ko gaban wani zaure, a riƙa ɗaukar su daga wuri ɗaya a wata ɗaya kowace shekara, domin jerin irin waɗannan hotuna na shekaru goma ya fi dogon bayani nuna yadda gari ya sauya.

Wuraren ajiya ma akwai su: ɗakunan karatu na jami'a da na Kwalejin Isa Kaita, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, da Gidan Arewa a Kaduna. Ya rage ga malaman tarihi da na labarin ƙasa da na Hausa a manyan makarantun garin biyu su mayar da wannan yawo aikin ɗalibai, a raba musu unguwanni, a nema musu izinin Yandaka da masu unguwanni, a tattara abin da suka ɗauko wuri guda da cikakken bayaninsa. Mai karatu kuma da ke da waya a aljihu ba ya bukatar jiran kowa: ya fara da ƙofar gidansu da ta maƙwabta, ya nemi izini, ya rubuta kwanan wata, tun kafin damina mai zuwa ta kayar da wani zauren a maye gurbinsa da bulo.